Tsokaci a Kan Matsayin Harshe a Koyar da Aljabara da Yiwuwa da Warware Matsala a Makarantun Firamare

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci ya taƙaita ne a kan sassa uku na lissafin firamare, wato tushen aljabara da yiwuwa da kuma warware matsala, kamar yadda suka zo a manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, ta tsara. An fara aiki da wannan manhaja a shekarar 2008, aka yi mata kwaskwarima a 2012, sannan a 2025 aka sake rage yawan darussan da ke cikinta. Bugun 2012 shi ne abin dubawa a nan, domin a kansa aka gina littattafan da suka daɗe a hannun malamai.

Wani zai iya tambaya, me ya kai mai nazarin harshe gonar malaman lissafi? Dalili shi ne waɗannan sassa uku ba kamar sauran lissafi suke ba. Yaro yana iya haddace jadawalin sau tun daga biyu har zuwa sha biyu, ya rera shi tamkar waƙa, ya kuma ci jarrabawa, ba tare da ya fahimci jimla ko guda ba. Amma aljabara magana ce a kan adadin da ba a sani ba tukuna, yiwuwa magana ce a kan abin da bai auku ba tukuna, warware matsala kuwa ba ta farawa sai an fahimci labarin da aka bayar. Duk ukun a cikin jimla suke zaune kafin a mayar da su alama. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, manhajar da littattafan da suka biyo ta sun yi wa malami tanadin alamomi da sunayensu, amma ba su yi masa tanadin jimlolin da zai faɗa ba, kuma a wannan giɓi ne yara da dama suke faɗawa.

2.0 Manufar harshe da abin da aka tanadar wa malami

Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 da bugunanta na 1981 da 1998 da 2004 da 2013, ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, a shekarun farko na firamare, daga aji huɗu kuma Ingilishi ya karɓa. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Harshe ta Ƙasa, wadda ta tsawaita amfani da harshen uwa zuwa dukkan shekaru shida na firamare. Shekara uku bayan haka, a Nuwamba na 2025, Ministan Ilimi Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko.

Ba muhawara a kan wannan mataki ce ta kawo mu ba. Abin lura kawai shi ne, sanarwa ba ta sauya harshen da yaron Gumel ko na Illela yake shigowa aji da shi. Malami zai rubuta darasi a allo da Ingilishi, ya juyo ya ga idanu sun yi zuru, ya koma Hausa ya yi bayani, kamar yadda ya saba tun kafin 2022. Wannan Hausa ta bayani ita ce take ɗauke da ainihin darasin, amma babu wanda ya tsara ta, babu wanda ya auna ta, kowane malami ƙirƙirar tasa yake yi a tsaye, da alli a hannu. Yanzu da aka cire ta daga takarda, fargabar ita ce a daina ma tunanin tsara ta.

Ba za a ce ba a yi komai ba. A 1987 aka buga ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, Hausa na ciki, a ƙarƙashin Cibiyar Harsuna ta Ƙasa. A 1990 kuma aka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ko da yake shi harshe da adabi ya fuskanta. Waɗannan ayyuka ne na a-zo-a-gani, sai dai irinsu ɗaya ne: jerin kalmomi, mafi yawansu sunaye. Ƙamus yana gaya wa malami sunan alama, ba ya gaya masa yadda zai karanta layin da alamar take ciki. Idan aka kwatanta da shirin shekara shida na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, za a ga bambanci. Su ba su tsaya a kan kalmomi ba, littattafan ɗalibi da jagoran malami suka zauna suka rubuta da Yarabanci, darasi bayan darasi, har da na lissafi.

Jadawalin manhajar NERDC kansa ya nuna inda aka sa gaba. Kowane batu yana da gurbin manufa, da na ƙunshiya, da na ayyukan malami da na ɗalibai, da na kayan aiki, da na auna fahimta. Babu gurbin da ya ce ga maganar da ake so yaro ya iya yi idan ya gama wannan batu.

3.0 Aljabara: yadda ake karanta alamar daidai

Aljabara tana shigowa firamare ne ta ƙofar abin da manhaja ta kira buɗaɗɗiyar jimla, wato layin lissafi da aka bar gurbi a cikinsa, kamar 5 + □ = 9. Sunan ma ya isa ishara, tun da jimla aka ce. To amma yaya ake karanta ta? Duk wanda ya taɓa zama a bayan aji ya san cewa idan malami ya zo kan alamar =, aikatau yake ɗora mata: biyar a tara da huɗu ya zama tara, ko ya ba da tara, ko ya kama tara, kamar dai yadda mai kanti yake cewa kuɗinka ya kama kaza. (A lura da yadda "tara" ta haɗawa da "tara" ta adadi suka yi karo a layi guda. A baki tsawon wasali da karin sauti sun raba su, a rubutunmu na yau da kullum babu abin da ya raba su.)

Duk waɗannan aikatau aukuwa suke nunawa, mai farko da ƙarshe: an yi aiki a hagu, sakamako ya fito a dama. Yaron da ya shekara uku yana jin haka ya riga ya koyi cewa ma'anar = ita ce "ga amsa nan tafe". Muddin tambayoyin irin 5 + 4 = □ ne, wannan fahimta ba za ta tona masa asiri ba. Ranar da aka rubuta masa 8 + 4 = □ + 5, ranar asiri zai tonu. A wani bincike da Falkner da Levi da Carpenter suka buga a Amurka a 1999, an ba yaran firamare wannan layi, mafi yawansu, har da 'yan aji shida, suka rubuta 12 ko 17. Mai 12 ya bi abin da aka koya masa, cewa amsa ce take biyo bayan alamar. Mai 17 kuwa ya tattara duk adadin da ya gani ya haɗa. Amsar ita ce 7. Ke nan ciwon ba na Hausa ba ne ita kaɗai, yaran da Ingilishi ne harshen uwarsu ma yana kama su. Kowane malami zai iya gwada wannan layi a ajinsa gobe da safe, minti biyar ya ishe shi.

Abin da ya sa aka kawo batun shi ne Hausa tana da maganinsa a hannu. "Daidai yake da" ba aukuwa take nunawa ba, hali take bayyanawa, kuma ana iya juya ta ba tare da ma'ana ta ɓaci ba: takwas da huɗu daidai suke da bakwai da biyar, bakwai da biyar daidai suke da takwas da huɗu. Ba za a iya yin wannan juyi da "ya zama" ba. Wanda ya ƙirƙiro alamar, Robert Recorde, a 1557, ya zaɓi layuka biyu masu tsawo ɗaya ne domin su nuna daidaito tsakanin abu biyu, ba domin su nuna hanya ba. Sikelin mahauci mai faranti biyu ya fi kowane zane bayyana wannan, domin yaro ya san cewa abin da aka ƙara wa wannan ɓangare sai an ƙara wa wancan kafin sikeli ya koma ya tsaya. Amma da wuya ka buɗe littafin aji biyu ko aji uku ka tarar da layi irin 9 = 5 + 4, balle 3 + 6 = 5 + 4. Kullum aiki a hagu, adadi tilo a dama. Littafin da bakin malami sun haɗu ke nan sun koyar da kuskure guda, sannan a zo ƙaramar sakandare a ce yara ba su iya aljabara ba.

Mataki na gaba shi ne tsallakawa daga gurbi zuwa harafi, kuma a nan ma ana yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Domin a sauƙaƙa, sai malami ya ce a ayaba ce, b barkono ne, saboda haka 3a + 2b ayaba uku ce da barkono biyu, ba sa haɗuwa. Yara za su gyaɗa kai. Sai dai harafi a aljabara adadi yake wakilta, ba kaya ba, kuma yaron da aka koya wa cewa a ayaba ce ba zai san abin da zai yi ba idan aka ce masa a daidai yake da 6. Alhali kuwa Bahaushe yana da kalmar da take yin aikin harafin nan tun fil'azal, wato "kaza". Idan aka ce wane ya ba wance naira kaza, an ambaci adadi tabbatacce wanda ba a bayyana ba, kuma duk inda aka maimaita shi a cikin zancen, shi ɗin dai ake nufi. Wannan shi ne ma'anar x, ba ƙari ba ragi. Yara za su yi dariya su tuna da kazar gidansu, dariyar ba ta wuce rana guda.

Alal misali, mutum ya rasu ya bar tumaki 24, magadansa kuma mata ɗaya da ɗa namiji ɗaya da 'ya mace ɗaya, babu wasu. Matar ta ɗauki tumuninta, wato tumaki 3, saura 21. Rabon 'yar kaza ne, rabon ɗan kaza biyu, ke nan kaza uku daidai suke da 21, kaza ɗaya 7 ne: 'ya ta sami 7, ɗa ya sami 14. Malaman zaure sun daɗe suna irin wannan lissafi da baki, da kalmominsu na rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da tumuni. Hasali ma, littafin da aka samo kalmar aljabara daga sunansa, wanda Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajejen shekarar 820, babu alama ko ɗaya a cikinsa. Da jimloli ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, adadin da ba a sani ba ya kira shi "shai'", wato abu, kuma babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya ya tafi. Sai a 1637 Descartes ya yaɗa al'adar amfani da x da y da z. Wato ɗan'adam ya yi shekara wajen 800 yana aljabara da baki kafin ya taƙaita ta da waɗannan haruffa, mu kuwa muna so yaro ɗan shekara tara ya fara daga taƙaitawar. Ba ana cewa a mayar da ajin lissafi ajin fiƙihu ba ne, musamman a makarantar da ta haɗa yara mabambanta addini. Rabon riba tsakanin mai jari da mai juya kuɗi zai yi aikin da misalin gado ya yi.

Kada kuma a ɗauka cewa Hausa ba ta da nata ramukan. Ƙaramar kalmar nan "da" tana ɗauke da kaya fiye da ƙima: ita ce ta tarawa a "biyu da uku", ita ce ta ginin adadi a "ashirin da uku", ita ce ta tazara a "ya fi shi da uku". Amfaninta shi ne yaro yana jin 20 + 3 a cikin sunan 23 kansa, abin da yake taimaka masa wajen gane matsayin lamba. Illarta kuwa, "ashirin da uku sau biyu" tana iya zama 46, tana iya zama 26. "Dubu ɗari da hamsin" a kasuwa 150,000 ce, amma yaron da ya rubuta 100,050 bai saɓa wa nahawu ba. Haka nan "a ɗebe uku daga takwas" ta fara ambaton 3, alhali a rubuce 8 ne a gaba, shi ya sa ake samun masu rubuta 3 − 8. Da an ce "takwas babu uku", a bisa tsarin "ashirin babu biyu" da kakanninmu suke kiran 18, da jerin magana ya dace da jerin alama. Irin waɗannan shawarwari ba ƙamus ne zai yanke su ba, zama suke bukata tsakanin masana lissafi da masana nahawu.

4.0 Yiwuwa

A manyan azuzuwan firamare, ƙarƙashin ƙididdigar yau da kullum, manhaja ta kawo gwajin jefa kwabo sama da jefa ɗan lido, yara su ƙirga sau nawa kowace fuska ta fito su shigar a jadawali. Matsala ta farko ta kayan aiki ce. Rabon da a sake fitar da sababbin kuɗin ƙarfe a Nijeriya tun 2007, kuma ba su daɗe a hannun jama'a ba. Yaron aji biyar na yau, in ma ya taɓa ganin an jefa kwabo, a hannun alƙalin wasan ƙwallo ya gani a talabijin. Ɗan lido kuwa, a gidaje da yawa warin caca ake ji a jikinsa, kuma malamin ƙauye da ya san iyayen yaransa yakan tsallake batun ya huta. Gaskiya ne cewa a teburin caca aka haifi wannan fanni, domin wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a 1654 a kan rabon kuɗin wasan da aka katse ne. Amma ba dole ba ne ya tsufa a can. Al'ummarmu ta san ƙuri'a, tana yin ta wajen rabon fili ko tsara wanda zai fara kwasar adashi, kuma ba wanda yake ganin aibinta. Wake fari da ja a cikin jaka ya wadatar. Marfin kwalbar lemo ma ya fi kwabo amfani ta wata fuska: tun da ba a san ko kifewa ya fi yi ko faɗuwa rigingine ba, dole yara su jefa shi sau 50 ko 100 su gani, maimakon su haddace "rabi da rabi" tun kafin su jefa.

Matsala ta biyu ita ce an fara da ƙirga kafin magana. Hausa tana da tsani cikakke na kalmomin zato: ba zai yiwu ba, da wuya, wataƙila, mai yiwuwa ne, ana kyautata zato, tabbas, babu makawa. Nahawunta ma ya ware lokaci guda domin abin da ake tsammani ba tare da yanke hukunci ba, shi ne bambancin "za mu gani" da "ma gani". Yaro ɗan shekara bakwai yana amfani da waɗannan duka. Da za a sa aji ya jera su a kan layi daga "ba zai yiwu ba" zuwa "tabbas", su yi gardama a kan inda "da wuya" za ta zauna, su ɗora musu misalai (ruwan sama a Kano a watan Janairu, ruwan sama a watan Agusta, fitowar rana gobe), da sun riga sun gina ma'aunin da daga baya za a sa wa 0 a wannan ƙarshe da 1 a wancan.

Matsala ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ta harshe ce zalla. Muna faɗin yiwuwa da lafazin da muke faɗin rabo: "ɗaya cikin huɗu". Kunnen Bahaushe idan ya ji haka, kashi yake gani, kamar an kasa tumatir kashi huɗu an ɗauki ɗaya, saura uku. A rabo haka ne. A yiwuwa ba haka ba ne, kuma wannan kuskure yana da farashi a wajen aji. Idan namiji da mace masu rukunin jini AS suka yi aure, ana gaya musu cewa ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai iya zuwa da cutar sikila. Sau da yawa akan ji an fassara wannan da cewa idan na fari ya zo da ita, uku masu biyo shi sun tsira, ko kuma idan aka tsaya a haihuwa uku an kauce mata. Gaskiyar ita ce kowane ciki sabon jefi ne, bai san abin da ya faru da na gabansa ba. A lissafi, cikin iyalai 100 masu irin wannan aure da suka haifi 'ya'ya huɗu huɗu, wajen 32 ne ba za su sami mai sikila ko ɗaya ba, wajen 42 za su sami guda ɗaya, sauran kuwa biyu ko fiye. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin rukunin jini, amma takardar sakamako ba ta amfanar wanda bai fahimci jimlar da aka karanta masa ba.

Ana iya koyar da wannan a aji shida ba tare da an ambaci cuta ba. Jaka biyu, kowace da wake fari ɗaya da ja ɗaya. A zaro ɗaya daga kowace jaka, a rubuta, a mayar, a sake. Mayarwar nan ita ce darasin. Yara za su ga ja da ja sun fito sau biyu a jere, su kuma ga an yi zagaye goma ba su fito ba, sai an haɗa sakamakon aji duka sannan rubu'in ya fara bayyana. Jimlar da ya kamata su fita da ita ita ce "in aka yi ta maimaitawa, wajen sau ɗaya cikin kowane huɗu", kuma "in aka yi ta" da "wajen" su ne kalmomin da ba a yarda a yar ba.

Akwai malaman da suke ɗari-ɗari da batun gaba ɗaya, suna ganin kamar shiga hurumin ƙaddara ne. Amsar da ta dace a sa a jagoran malami gajeriya ce: yiwuwa ba ta auna abin da Allah ya hukunta, iyakar sanin mutum take aunawa. Manomin da ya dubi hadari ya ce "da wuya a yi ruwa yau" bai yi da'awar sanin gaibu ba.

5.0 Warware matsala

A manhaja, warware matsala ba batu ne mai zaman kansa ba, yana zuwa ne a wutsiyar kowane batu a matsayin tambayoyin labari da kuma atisayen auna basirar lissafi, irin wanda ake yi a jarrabawar shiga sakandare. Sakamakon wannan tsari shi ne yaro ba ya bukatar karanta labarin. Idan babin na rabawa ne, ya san rabawa zai yi. Inda babi bai taimaka ba, sai a koya masa farautar kalmomi: in ka ga kalmar Ingilishi mai nufin "gaba ɗaya" ka tara, in ka ga mai nufin "saura" ka ɗebe, in ka ga mai nufin "fiye" ka tara. Ga yaron da Ingilishinsa bai nuna ba, wannan dabara ce ta tsira, kuma ba za a zarge shi ba. Amma a duba wannan: Audu yana da goro 8, ya fi Bala da goro 3, goro nawa ne da Bala? Mai farautar kalma zai ce 11. Yaron da aka karanta wa jimlar da Hausa da wuya ya faɗa wannan rami, domin "fi" aikatau ce mai neman wanda ya fi da wanda aka fi, kuma tun yana goye yake jin ana cewa wane ya fi wane.

Masu bincike a Grenoble ta ƙasar Faransa sun taɓa ba yaran firamare wannan tambaya wajejen 1980: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu sun ba da amsa da adadi, da dama suka ce 36. Ba wauta ce ta sa su ba, makaranta ce ta koya musu cewa tambayar lissafi ba ta bukatar ma'ana. A ɗaya gefen kuma, binciken da Carraher da abokan aikinsa suka buga a 1985 a kan yara masu talla a birnin Recife na Brazil ya nuna cewa lissafin da suke yi daidai da ka a bakin tire, shi ne suke kasawa idan aka rubuta musu shi a takarda. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a hannun 'yar talla a Sabon Gari ya san wannan ba labarin Brazil kaɗai ba ne. Yarinyar da take cewa "hamsin hamsin ne" ta riga ta mallaki ma'anar farashin guda, kuma nahawu ne ya ba ta, domin ninka kalmar adadi shi ne hanyar Hausa ta cewa kowane ɗaya. Abin sha'awa, masana nahawu ninki suke kiran wannan tsari, masu lissafi ma ninki suke kiran aikin da yake haifarwa.

Misali guda zai nuna abin da ake asara. Ƙwai 100 ne, kiret yana cin 30. Rabawa ta ba da 3, saura 10. Kiret nawa za a nema domin a kwashe ƙwan duka? Huɗu. Kiret nawa cikakku za a kai kasuwa? Uku. Ƙwai nawa za a bar wa gida? Goma. Lissafi ɗaya, amsa uku, kuma ba abin da ya raba su sai jimlar tambaya. Littafin da ya tsaya a "3 saura 10" ya koyar da rabawa, bai koyar da warware matsala ba. George Pólya a littafinsa na 1945 ya kasa aikin mataki huɗu: fahimtar matsala, tsara dabara, aiwatarwa, da waiwaye. Na farko da na ƙarshe aikin harshe ne tsantsa, wato yaro ya sake faɗin labarin da bakinsa, sannan ya dubi amsarsa ya ce ko hankali zai ɗauka. Su ne kuma matakan da ba a ba su maki, saboda haka ba a koyar da su.

6.0 Rabon manhajar Hausa a cikin wannan aiki

Tun da Hausa tana nan a matsayin darasi, masu tsara manhajarta suna da filin da ba sai sun nemi izinin kowa ba. Ƙidaya tana cikin darussan Hausa na ƙananan azuzuwa, amma takan tsaya a jera sunayen adadi. Babu abin da ya hana a faɗaɗa ta ta ƙunshi jimlolin kwatanci da na daidaito da na sharaɗi, da tsanin kalmomin zato da aka ambata a sama. Babu abin da ya hana wasu daga cikin labaran auna fahimta su zama masu adadi a ciki, a tambayi yaro abin da aka sani da abin da ake nema da abin da aka faɗa wanda ba a bukata, ba tare da an ce ya lissafa komai ba. Adabin baka ma ya tanadi nasa: labarin mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa kuma ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya tare da shi, darasi ne na tsara dabara da waiwaye wanda babu lamba ko ɗaya a cikinsa.

A ɓangaren lissafi kuwa, abin da ake nema bai wuce gurbi guda a ƙara wa jadawalin manhaja ba, wanda zai ƙunshi jimloli uku ko huɗu da ake so malami ya riƙa faɗa kuma yaro ya iya maimaitawa da fahimta, da Ingilishi da kuma harshen yankin. Wahalar ba a rubuta gurbin take ba, a wajen masu cika shi take. A kwalejojin ilimi, inda ake ba da takardar NCE wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, sashen Hausa daban, sashen lissafi daban, sashen nazarin ilimin firamare daban, kuma ɗalibi yana iya gamawa bai taɓa yin bayanin alamar daidai da Hausa a gaban mai duba shi ba. Akwai kuma batun karin harshe da sai an zauna a kansa: wani malami "ɗebe" yake cewa, wani "cire", wani "fid da", wani "tumuni" wani "sumuni". Ba lallai ne a kashe wasu a bar ɗaya ba, amma jagoran malami ya kamata ya zaɓi wadda za a rubuta, ya kuma jera sauran a gefenta domin malamin Sakkwato da na Bauci su gane abu guda ake nufi.